Bakin Kukan da Na Toshe

Ba zan faɗi sunana ba, mutanen Mafara sun san shi, kuma ba da alheri ba. Abin da nake so ku sani, ƙannena masu zama gaban kwamfuta, shi ne ni ban taɓa haura katangar kowa ba, ban taɓa riƙe wuƙa ba. Ina zaune kan kujera, ƙarƙashin fanka, na yi sanadin ran wani dattijo, sannan na bar gawarsa ta ɗauki laifina.

Ɗan tela ne ni. Na yi karatun kwamfuta, na dawo gida, Allah ya ba ni aiki a ofishin wata ƙungiyar manoman rani da ke raba ruwan da ke saukowa daga dam ɗin Bakolori, daga wajen Maradun har gonakin Mafara da Bakura. Ranar da na fara aiki, mahaifina da kansa ya ɗinka mini kaftani ya goge shi.

Wanda na tarar a ofishin, Injiniya Bulus, mutum ne mai haƙuri da yawan shan shayi. Shi ya rubuta jerin umarnin da ke tsara rabon ruwa, kuma shi ya koya mini shi da yaren da kowa zai gane. Babban shirin, uwa yake ce masa. Kowace safiya uwa takan haifi 'ya'ya uku, wato ƙananan shirye-shirye da take tayarwa su yi mata aiki. Na farko ya karanta awon ruwa, na biyu ya lissafa rabon kowace ƙofa, na uku ya tura saƙon tes zuwa wayoyin masu tsaron ƙofofi. Abin da ya fito daga bakin wannan, shi ake zubawa a kunnen wancan.

"Kowane ɗa kunnensa ɗaya, bakinsa biyu," in ji Injiniya. "Baki ɗaya na sakamako, ɗaya na kuka. Na sakamako ka juya shi inda kake so, fayil ko waya. Na kuka kuwa, ka bar shi kan allo inda ido zai gani. Ka ji ko?"

Na ce na ji, Oga. Da ya yi ritaya ya koma garinsu, ni aka bar wa makullin.

Abin ya fara ne da kwandon tumatir. Wani abokina na ƙauyen Ruwan Gizo ya ce gonarsa na ƙonewa, in ƙara masa awa ɗaya kawai. Na ƙara, ba wanda ya lura, tumatir ya iso gida. Wallahi a lokacin taimako na ɗauke shi. Daga tumatir sai albasa, daga albasa sai Alhaji Mamman, mai faɗin gonakin shinkafa a reshen gabas, wajen Bakura. Shi ba awa yake so ba, ruwan yake so gaba ɗaya, kullum. Bai ma tsaya kwana-kwana ba, sabon babur na tarar a ƙofar gidanmu.

Sai na yi dabara, kuma har yau ina jin kunyar yadda na yi alfahari da ita. Na sa uwa ta haifi ɗa na huɗu, na zaunar da shi tsakanin mai lissafi da mai tura saƙo. Lissafin gaskiya ya tafi fayil ɗin ofis, wanda shugabanni ke dubawa. Na huɗun kuwa ya karɓi kwafi, ya sauya, ya miƙa wa wayoyi ƙarya. Don kada wani ya gan shi cikin 'ya'yan uwa, na cire shi daga hannunta: da zarar ta haife shi sai ya ci gashin kansa, kuma ko an daina ba shi lissafi, zai ci gaba da maimaita umarnin ƙarshe.

Matsala ɗaya ta rage. Mai tura saƙo yana duba kowane umarni kafin ya aika, kuma ya fara kuka kan allo. Jan rubutu, safe da rana. Ban tsaya karantawa ba, haushi ya ba ni. A cikin kwamfuta akwai wani rami da duk abin da aka jefa ciki ya ɓace har abada. Na rubuta lamba biyu, wadda ita ce bakin kuka, na sa kibiya, na sa sunan ramin. Ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba. Allo ya yi fes, na tashi na tafi cin tuwo.

Mai tsaron ƙofar reshen gabas shi ne Baba Ɗanjumma. Tun ana haƙa kanal, wato babbar hanyar ruwan, yake wurin, leburanci ya fara. Ba ya gardama da saƙon ofis, in ya shigo sai ya ce umarni ya zo, ya kama ƙarfen ƙofa ya murɗa. Wata Talata ya zo kasuwa a kan kekensa, ya biyo ofis. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi tsohona, ya tambayi gajiya da zafi, ni kuwa idona na kan allo.

"Ɗana, ruwan ga ya yi yawa," in ji shi. "Jingar gabas ta hwara tsatsa. Na sa ƙahwata, ƙasa ta yi laushi awa kunu. A duba muna na'urar ga."

Na ce, "Baba, kwamfuta ba ta kuskure. Ku dai bi saƙo."

Ya ce, "To, ku kuka san boko. Allah shi yi albarka." Ko kujera ban ba shi ba.

Kwana uku maganar tana damuna. Ranar Juma'a da hantsi tsoro ya ci ƙarfina. Kiransa a waya ya kamata in yi, in ce Baba kada ka buɗe. Amma in na kira, zai tambayi dalili, kuma ba ni da amsar da ba za ta tona ni ba. Sai na tuna ƙa'idar ofis: ranar da saƙo bai zo ba, mai ƙofa ya buɗe rabi kawai. Na ce shi ke nan, na samu hanya. Na kashe uwa tun kafin saƙon ranar ya fita. Na ga 'ya'yanta sun mutu tare da ita, na yi ajiyar zuciya, na yi alwala, na tafi masallaci ina jin kaina mutumin kirki.

Na manta da na huɗu. Ni na raba shi da uwarsa, don haka mutuwarta ba ta taɓa shi ba. Maraya ake ce wa irinsa. Ina sahu ina sauraron huɗuba, shi kuwa ya tayar da nasa mai tura saƙon, ya aika wa Baba Ɗanjumma umarnin jiya: a buɗe gabas gaba ɗaya.

Baba ya dawo daga Juma'a ya buɗe. Kafin la'asar jinga ta fashe, ruwa ya nufi gonakin talakawa da bukkokinsu. Waɗanda suka gani sun ce ya ruga ya kama ƙarfen don ya rufe, dakalin da yake tsaye ya zame da shi. A bakin kwalbati aka tsamo shi, wayarsa kuwa ba a gan ta ba.

Da yamma na nemo marayan na kashe shi, na goge shi. Kwamitin ƙungiya ya zauna ya buɗe fayil ɗin ofis, fayil ya ce rabi. Aka ce tsufa ne, dattijo ya ruɗe ya buɗe ƙofa ba da umarni ba. Ina wurin, ni na buga musu takardar. Manoman da shinkafarsu ta tafi suka riƙa zagin mamaci a kasuwa, wasu ko gaisuwar mutuwa ba su je ba. Alhaji Mamman ya daina sanina.

Daga nan ban ƙara samun sukuni ba. Waya ta yi ƙarar tes a aljihun wani, sai in tashi in bar wurin. Na daina bin hanyar kanal. In na sa hannu a buta zan yi alwala, sai in ji sanyin ruwan ya hau har ƙirjina. Layin nan na rami kuwa na kasa cire shi. Na san shi kaɗai ne shaidar da ta rage, amma gani nake in na cire, kukan zai dawo kan allo, ni kuma ba ni da zuciyar karanta shi.

Bayan damina ƙungiya ta roƙi Injiniya Bulus ya zo ya duba tsarin kafin sabon rani. Ya zauna a kujerata, ya sa tabarau, yana bin layi-layi da yatsa. Yatsan ya tsaya.

"Wa ya toshe bakin kuka?"

Ya goge layin, ya ɗauko awon ruwan waccan Juma'a, ya ce bari mu gwada, ya ba mai tura saƙo umarnin buɗe gabas gaba ɗaya. Jan rubutu ya fito: Ruwa ya fi ƙarfin jingar gabas, kada a buɗe. Injiniya ya cire tabarau ya dube ni.

"Tun yaushe yake faɗin wannan?"

Na ce tun wata biyu kafin abin, Oga. Na zauna a ƙasa na faɗi komai.

Shekara huɗu na yi a gidan yari. Mahaifina ya rasu ina ciki, kuma an ce mini bai ƙara zama a bakin shagonsa ba tun ranar da aka kama ni. Na tuba, ina kan tuba, amma kada wani ya ce muku tuba tana goge abin da ido ya gani.

Ƙannena, ku da ake ba wa makullin na'urorin da jama'a suka amince da su, ku ji ni. Kada ku karɓi kwandon farko. Duk abin da kuka tayar a ɓoye, ku sani zai iya ci gaba da aiki bayan kun yi nadama. In na'ura ta yi kuka, ku karanta. In dattijo ya taka ya zo ya ce ƙasa ta yi laushi, ku tashi ku je ku taka da ƙafarku. In kuma kun riga kun ɓata, ku buɗe baki ku faɗa tun mutumin yana da rai.

Da aka sake ni, kafin in je gida Bakura na fara zuwa. Na tsaya ƙofar masallacin ƙauyen su Baba bayan azahar na ce Baba Ɗanjumma bai ruɗe ba, umarni ya bi, ni na aika. Sannan na nemi iso wurin matarsa, Inna Hajo. Ta fito zaure ta zauna kan tabarma, ta saurare ni har na gama.

"Kai ne yaron ohis?" ta ce. "Abin da ke nawa na yahe. Nashi kuwa, sai kun haɗu."

Na yunƙura zan tashi, ta ce in dakata.

"Ranar Talatar nan ya dawo da hwara'a. Kwana biyar ba ya cin abinci don jingar nan, ran nan ya cinye tuwonshi tas. Ya ce mani, Hajo, kwantar da hankalinki, na gaya ma yaron, kuma ɗan mutunci ne, zai duba."