Na Je Gasa Dutse a Bayan Pulka

Litinin: Potiskum zuwa Maiduguri

Ana sallame sallar asuba na tare adaidaita daga Yerimaram zuwa tasha, ƙarfe shida saura kwata motarmu ta tashi. Kayana guduma biyu ne da riga ɗaya. Shekara goma sha tara ina fasa dutse a wani kamfanin hanya, rana ɗaya suka sallame ni wai ba ni da takarda. To ga shi yau masu takardar ne suka aiko a nemo ni.

Abin da ya faru, ana yanka hanya a kan duwatsu don kai wa wani sansanin soja abinci da ruwa. Wani ƙaton dutse ya zauna a tsakiya, kuma an hana shiga da nakiya yankin. Ƙanena Modu ke tuƙa tankar ruwan sansanin. Muddin dutsen nan yana nan, sai ya zagaya ta tsohuwar hanyar daji, inda ake binne bam. Shi ya ba da sunana. Don shi na tafi, ba don su ba.

A shingen Damaturu wani soja ya ɗaga gudumata ya ce, "Baba, wa za ka je kashewa?"

Na ce, "Dutse."

Ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Ku wuce."

Sha ɗaya da rabi muka shiga Maiduguri. Na sauka gidan surukin Modu, aka kawo burabisko da miyar kuka, na ci har na ji kunya.

Talata: Maiduguri zuwa Pulka

Nan ba ka tafiya don ka shirya, sai soja sun shirya. Tun bakwai muke layi, sai tara da kwata ayari ya motsa, motar soja gaba, wata a baya. Konduga, Bama, babu mai tsayawa ko fitsari. Direbanmu ya ce, "Wanda ya sha shayi da safe ya kuka da kansa." Ƙarfe uku muka isa Pulka, aka ɗora ni bayan tifa zuwa gindin dutsen. Modu ya rame. Ya ce, "Yaya, ka iso?" Na ce, "A'a, ina hanya."

Laraba: wurin aiki

Dutsen ya kai ɗaki guda. Injiniyan wurin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, ina injinka?" Na nuna masa ashana. Na sa aka jibga itace da tsofaffin tayoyi, shida na safe daidai na kunna. Haka muka gada: a gasa dutse ya gasu, a kwara masa ruwan sanyi, ya tsage.

Matsala biyu. Sajan mai kula da tsaro ya ce kafin magariba wuta ta mutu, kada a hango mu. Ruwa kuma babu sai na tankar Modu, wanda sansani zai sha kwana uku. In na zubar dutse bai fashe ba, gobe Modu zai sake bin dajin, ga shi ba ranar rakiyar soja ba ce.

Da azahar Injiniya ya ce a zuba, wai lissafinsa ya nuna ya yi. Na matsa na ƙwanƙwasa da guduma, ƙarar tana nan garau kamar ƙararrawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, lissafinka ya nuna, dutse bai nuna ba. A ƙaro taya." Ya yi fushi ya koma inuwa. Sajan ya ce, "Malam Bukar, in ruwana ya tafi a banza, gumin jikinka za mu sha."

Huɗu da rabi na sake bugawa, na ji ƙarar ta dushe kamar tulu mai tsagu. Muka janye garwashin. Modu ya riƙe tiyo.

"Yaya, ka tabbata?"

"Buɗe, kada ka ba ni kunya gaban baƙi."

Ya buɗe. Tururi ya rufe mu. Tanka ta yi rabi, shiru. Na ce ya ci gaba da zubawa. Can sai ƙara, tas! har sojoji suka kwanta da bindigogi. Dutse ya rabu gida uku.

Alhamis da Juma'a: komowa

Da safe katafila ta ture gutsattsarin, tankar Modu ce ta fara bin sabuwar hanya. Tafiyar da ke cin sa rabin yini, kafin shayina ya huce na hango shi a ƙasa. Injiniya ya tsaya kan dutsen aka ɗauke shi hoto. Ni aka ce in matsa, rigata ta yi baƙi.

Na bi ayari na kwana Maiduguri, Juma'a ƙarfe biyar na yamma na shigo Potiskum, wuta ba ta bar gira ko ɗaya a fuskata ba. A ƙofar gida na tarar da Falmata, matar Modu. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, jiya na kashe wayata na yi barci. Rabona da haka wata bakwai."

Na gode wa Sajan da ya yi kasadar ruwansa, da surukan Maiduguri. Injiniya ya riƙe hotonsa. Allah Ya tsare masu bin hanyar nan, Shi ne abin godiya da Ya dawo da ni gida.