Ƙirar da Ba Ta Son Tartsatsi

Ina da shekara talatin da 'yan kai lokacin da wata mota jif ta tsaya a ƙofar maƙerarmu a Gaya. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, an fita daga wahalar fari, ana ta kawo taraktoci da motocin ɗiban ruwa ƙasarmu. A lokacin ni ke riƙe da maƙerar. Mahaifina, wanda ya fara ba ni masaba tun farkon shekarun sittin, idonsa ya yi rauni, sai dai ya zauna kan buzu a gefe yana sauraron bugu. Daga ƙara kaɗai yakan gane ƙarfe ya huce, ya ce, "Kai, mai da shi wuta." Ni ne ɗansa na fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Wanda ya fito daga motar wani dogon Bakano ne, sa'ana ko ya ɗan girme ni, da wandon kaki da biro a aljihu. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya ce shi injiniya ne, an turo shi sabuwar ma'ajiyar man da aka gina a kan hanyar Ajingi, inda taraktoci za su riƙa shan mai.

"Baba, an ce mini a duk ƙasar nan babu mai hannunku. Ina da wani abu da nake so a ɗaure a saman turke, mariƙin da ya zo da shi kuwa na jikin bango ne, mu kuma ba mu da bango a wurin."

Baba ya ce, "Mene ne abin?"

"Sai dai ku gani."

Shi da direbansa suka kinkimo shi daga bayan mota, suna nishi. Wani tulun ƙarfe ne, tsawonsa kamu ɗaya da rabi, kaurinsa kamar ƙaramin turmi, an ɗaure murfinsa da kusoshi masu zare a zagaye. A gabansa akwai gilashi mai kaurin tafin hannu. Na shafa inda murfi ya haɗu da jiki, ban ji tsaga ba. Na sa farce, bai shiga ba. Tunda nake ban taɓa ganin ƙarfe biyu sun kwanta wa juna haka ba. Na kama hannun Baba na ɗora a wurin. Ya daɗe yana bin gaɓar da ɗan yatsa, yana kai yana kawowa, can ya ce a hankali, "Wanda ya yi wannan ya san ƙarfe."

Injiniya ya ce a cikin tulun akwai kyamara, irin ta masu ɗaukar hoto, amma ita ba ta fitar da kati. Abin da ta gani take aikawa ta waya zuwa wani akwati a ɗakin maigadi, a gan shi nan take yana motsi. Ban yarda ba. Baba dai tambayarsa ɗaya: me ya sa aka rufe ɗan ƙaramin abu a cikin wannan uban nauyi?

"Saboda tana aiki da lantarki, Baba, lantarki kuwa yakan yi tartsatsi, ko da ƙanƙani ne. Wurin da za ta zauna tartsatsi ɗaya ya ishe shi. An yi tulun ne don ko wuta ta tashi a cikinsa, ta mutu a ciki."

Washegari da hantsi ya ɗauke mu zuwa wurin. Fili ne tsakanin gonakin gyaɗa, an kewaye shi da waya, da manyan tankuna uku a kwance kan dakali. Tun daga ƙofa wani dattijon maigadi, mutumin Ajingi, ya karɓe ashanar direba, ya duba ƙasan takalmanmu. Nawa akwai ƙusa a dunduniya, sai ya ce in cire, in shiga ba takalmi.

Kafin mu shiga, injiniya ya ja mu can nesa, bayan wata tsamiya. Ya kawo gwangwanin da aka taɓa zuba fetur a ciki, ya kifa shi ya nuna mana ko ɗigo babu. Ya ajiye shi a ƙasa, ya ce mu ja da baya, ya ɗaura ashanar da ya karɓo wurin maigadi a bakin doguwar gora, ya kunna, ya miƙa. Ashanar ba ta ma taɓa gwangwanin ba, sai muka ji wani "fuu!", harshen wuta ya tashi ya wuce tsayina, gwangwanin ya yi tsalle ya faɗa cikin kunya. Baba ya yi salati. Ni kuwa na ƙara ja da baya. Tun ina ƙarami nake zaune da wuta, na san gawayi, na san zugazugi, na san abin da take ci. Ranar na ga ta ci abin da ido ba ya gani.

Injiniya ya ce, "Tururin man ne. Ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa kamar ruwa, ya bi kwari. A cikin shingen can, ranar da ake juye mai, a cikinsa kuke tafiya har gwiwa. Shi ya sa ba na son maigadi ya zauna kusa. Ya zauna can bakin ƙofa, kyamara ta yi masa kallo."

Daga nan ya faɗi sharaɗin aikin. A cikin shinge ba a buga ƙarfe da ƙarfe, ba a goga magagari, ba a kawo wuta. Duk abin da za a yi a gama shi a Gaya, a zo a ɗaura kawai. Raina ya ɗan ɓaci, don mu a sana'armu ba haka muke ba. In ka ƙera abu bai zauna ba, sai ka mai da shi wuta ka ƙara masa bugu biyu. Na ce, "Yallaɓai, ta yaya zan ƙera abin da zai dace da turken da ke nan, ni ina can?"

Ya ciro takarda mai zane da lambobi. Ni allo na yi, ban yi boko ba, lambobin nan ba su ce mini komai ba. Baba ne ya ce a yanko masa kara daga gonar da ke gefe. Ya zauna a gindin turken, wani dogon bututun ƙarfe da aka kafa da siminti, ya riƙa feƙe karan yana soka shi da tsinke yana ɗaurewa da zare, kamar yadda yara ke yin motar kara. Ni ina kan tsani ina gwadawa, ina faɗa masa inda ya yi tsawo da inda ya gaza. Kafin azahar mun sami mariƙi na kara, da hannunsa da zobba biyu masu rungumar turke, da alamar kowane rami da gawayi. Injiniya ya tsaya yana juya shi a hannu, yana gwada shi da ma'auninsa, ya kasa rufe baki.

Baba ya ƙara abu ɗaya da babu a zanen. Ya ce hannu ɗaya ba zai riƙe wannan nauyi ba in iskar farkon damina ta taso daga gabas, za ta murɗe shi. Ya sa tokara daga ƙasa, kamar gwafar rumfa. Injiniya ya yi lissafinsa a bayan takarda, ya ɗago ya ce, "Baba, gaskiyarku ne."

Saura matsalar gaɓa, inda tulun zai riƙa juyawa in ana son saita shi. Baƙin ƙarfe in ya goga ɗan'uwansa yana iya ƙyasta wuta. Injiniya ya ce tagulla ba ta yin haka, sai a sa faifan tagulla a tsakani, kuma ko gudumar da za a ɗan daddaɓa da ita a wurin ta zama ta tagulla. Mu maƙeran baƙi ne, ba ma narka tagulla. Ranar kasuwar Ajingi na tafi wurin wani tsohon maƙerin fari, abokin Baba, mai yi wa mata mundaye. Da na faɗa masa abin da nake so sai ya yi dariya har da hawaye.

"Guduma ta tagulla? Uban naka ya tsufa har ya fara yi wa kayan aiki ado?"

Da na ba shi labarin gwangwani sai ya daina dariya. Ya tattaro tsofaffin mundaye da wata fasasshiyar tasa, ya narka, ya zuba mini 'yar guduma da faifai shida, kowanne da rami a tsakiya. Na dawo da su a aljihu suna walƙiya kamar kayan amarya.

Kwana tara na yi a kan mariƙin. Na samo ƙarfen daga sifirin wata tsohuwar babbar mota. Ban taɓa yin aiki a hankali kamar wannan ba. Kowane rami sai na ɗora na kara a kai sau uku kafin in huda. Manoma suna kawo fartanya da garma ina ba su haƙuri, wasu ma sai su zauna kallo su manta abin da ya kawo su. Bayan na gama aka shafa masa jan fenti, aka bar shi ya bushe kwana biyu.

Ranar ɗaurawa mu huɗu ne a gindin turke: ni, da injiniya, da direba, da wani ma'aikacin waya da ya zo daga Kano. Baba yana ɗakin maigadi, don an ce kada a yi yawa a ciki. Zobban suka rungumi turke daidai. Muka ja tulun sama da igiya, a hankali, an naɗe shi da buhu don kada ya bugi turke. Kusoshi uku suka shiga. Na huɗu ya ƙi. Ramin ya kauce da abin da bai fi kaurin ƙwayar gero ba.

Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Ashe akwai ɗan ƙaramin magagari a ciki, wanda kullum yake tare da ni, har na manta da shi, maigadi ma bai gan shi ba. Na ciro shi, na kai bakin ramin. Sai na ji an damƙe wuyan hannuna. Injiniya ne, ya hawo tsanin a bayana. Bai yi tsawa ba. Ya ce, "Malam, shaƙi iska."

Na shaƙa. Warin fetur ne, mai kauri, don da safen nan aka juye mai a tanki na biyu. Na dubi magagarin, na dubi tankunan da ke ƙarƙashinmu, na hango ɗakin da mahaifina ke zaune. Na mai da magagarin aljihu. Muka sauke tulun, muka kwance mariƙin gaba ɗaya, na ɗauke shi a kafaɗa na fita shinge har bayan tsamiya. Gogawa huɗu kawai ramin yake so. Na wanke shi da ruwa, na dawo, muka sake komai daga farko. Injiniya bai sake ta da maganar ba, ni ma ban faɗa wa Baba ba sai bayan shekara guda.

Ma'aikacin waya ya zura wayar cikin bututu, ya toshe bakin da wani abu mai kama da danƙo don kada tururi ya bi ta nan. Ya ɗaura wata jar waya daga mariƙin zuwa sandar da aka binne a ƙasa, ya ce ko tsawa ta faɗo, nan za ta bi ta shige. A ƙarshe muka kifa wa tulun 'yar rumfar kwano saboda rana. Aka tada janareta can bayan ɗakin maigadi.

Ina shirin tafiya ɗakin sai injiniya ya ce in tsaya a gaban tanki na tsakiya, in ɗaga hannu, in zagaya. Na yi, ina jin kunya, kamar mai rawa ba kiɗa. Tulun yana sama shiru, ko motsi ba ya yi. Da na iso ɗakin na tarar da maigadi ya dafe kai yana ta maimaita sunan Allah. Baba kuwa ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin akwatin. Ya juyo ya dube ni a bakin ƙofa, ya sake duban akwatin.

Ya ce, "Na gan ka. Daga nan zuwa can idona ba ya kaiwa, amma na gan ka. Har ɗingishin da kake yi in ka gaji."

Sai direba ya koma gaban tankin don ni ma in gani. Ga shi nan a cikin akwati, baƙi da fari, bai fi ɗan yatsana ba, yana sosa ƙeya. Wata akuya ta gifta ta bayan shinge, na leƙa taga, ga ta can tana giftawa. Na zauna a ƙasa ina ta kallon akwatin.

Maigadi ya tambaya, murya ƙasa ƙasa, ko yanzu aikinsa ya ƙare ke nan. Injiniya ya ce a'a, abin yana gani ne kawai, ba ya ihu, ba ya gudu, ba ya sanin wane ne baƙo wane ne ɗan gida. In babu mai zama gaban akwati, daidai yake da babu. Dattijon ya gyara zama a kan benci, ya jawo butarsa kusa.

Labari ya bazu. Ranar kasuwa mutane daga Balan da ƙauyukan gefe sukan ratse su tsaya a bakin ƙofa, maigadi yana shigar da su bibbiyu, yana yi musu bayani kamar shi ya ƙera abin. Wata tsohuwa da ta gani ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ba za ta bi ta gaban shingen nan ba sai an gaya mata ta wane gefe yake kallo.

Bayan damina injiniya ya dawo, ya ce akwai irin wannan aiki a wasu wurare biyu, ko zan bi shi. Na dubi Baba. Ya ce in tafi, ƙanena zai riƙe wuta. Wata huɗu na yi ina yawo da su, a nan na koyi karanta ma'auni da riƙe sifana. Da na dawo gida, matata ta ce na koma yi wa yara faɗa in sun ajiye kwalbar kananzir kusa da murhu, har maƙwabta sun fara yi mini tsiya a kai.