Matar da Ta Dafa Mana Ruwan Wanke Ƙafa

Sai da na shekara goma sha huɗu ina auren fasto kafin wani ya tuna cewa ni ma ina gajiya. Ran da takarda ta zo wai ekklisiya ta shirya wa fastoci da matansu kwana uku na hutu da sabuntawa a wani masauki a Bukan Sidi, a garin Lafiya, har 'yar rawa na taka a ɗaki. Kwana uku ba tukunya, ba sulhun mawaƙan coci, ba mai sallama ina tsakiyar wanka wai ya zo a yi masa addu'a. Na nemi izini a makarantar da nake koyarwa, na ɗinka sabon kaya.

A bakin shiga akwai tebur, kowa ya rubuta sunansa a ba shi kati ya rataya a wuya. Na maza an rubuta Fasto, namu Matar Fasto. Katin nan shi ne mutum a wurin. Mai kati ya zauna ƙarƙashin fanka a kawo masa, marar kati shi ke kawowa.

Ranar farko muka tashi da sakwara da miyar agushi, doyar mai daɗi, sumul ba gudaji. Da na gama na miƙa kwanona ga wata gajeriyar mata mai koɗaɗɗen zani, na ce ta ƙaro mini ruwan sanyi. Ko fuskarta ban duba ba. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka na fi sauran.

Washegari da rana kaina ya yi ciwo saboda yawan lacca. Wai hutu! Tun ƙarfe takwas wani Rabaran yake ta zuba Turanci a kan yadda miji zai girmama matarsa, maza na ta amin, wani dogon fasto mai jan nektai har miƙewa yake yana ɗaga hannu. Na sulale bayan kicin neman iska. Can na tarar da matar nan a kan kujerar tsuguno tana feraye doya, hannunta duk kanta. Na yaba doyar, na tambayi inda suka sayo. Ta yi murmushi ta ce ai ba saye aka yi ba, daga gonarta ne, can bayan Agyaragu.

Da Hausarta ta kasuwa ta ba ni labarin, wuƙa ba ta tsaya ba. Tare suka sauka daga keke napep da mijinta, ita da ɗaurin doya a ka, tsarabar da ta kawo wa manya. Ya ce ta zagaya ta baya ta ajiye, shi zai rubuta musu suna. Shugabar kicin ta gan ta, ta ɗauka cikin matan da aka ɗauko aiki ne, ta miƙa mata wuƙa. A garinsu babba ba ya miƙo aiki ka ce a'a, sai ta zauna tana jira mijin ya zo ya kira ta. Ya zo kuwa, amma cewa ya yi tunda ta fara ta ci gaba, ciki duk Turanci ne, za ta takura. Katinta yana aljihunsa. Ita tana kwana a sito da matan kicin, shi yana ɗaki mai gadon mutum biyu.

Na ce wane ne mijin nata. Ta nuna da baki ta taga. Mai jan nektai.

Ta ce manya suna duba ko za su dawo da shi babbar coci a cikin Lafiya, kuma in za a ɗaga fasto har matarsa ake dubawa, ko za ta iya tsayawa gaban zumuntar mata ta yi jawabi. Ita a aji uku ta tsaya. Shekara huɗun da ya yi a makarantar Littafi Mai Tsarki ita ta riƙe gona da yara, wannan ma sai da na tambaya ta faɗa. Ta roƙe ni don Allah kada in gaya wa kowa.

Na gaya wa maigidana, mana. Ya girgiza kai, ya ce abin bai yi kyau ba, amma kada in sa mu a bakin mutane, mu sa su a addu'a. Na ce masa addu'ar nan tasu ta zama bargo, komai ya yi wari sai a lulluɓe.

Rana ta uku da la'asar aka zo abin da ake ta ɗoki, wankin ƙafa. Aka jera kujeru, kowace mace ta zauna, mijinta ya durƙusa a gabanta da roba da tawul, mai hoto na zagayawa. Maza da ba su san inda bokiti yake a gidajensu ba suna ta gyara hannun riga don hoto ya fito. Matan kicin suka shigo da butocin ruwan ɗumi, matar nan tana cikinsu.

Kujera ɗaya ce ba kowa, kusa da tawa. Rabaran ya tsaya a kanta ya tambayi mai jan nektai ina Mama. Tana nan tsaye da buta, taku uku tsakaninsu. Abin da ake nema a wurinsa bai wuce ya ɗaga yatsa ba.

"Ba ta samu zuwa ba, Baba," in ji shi. "Aikin gona ya riƙe ta."

Rabaran ya ce ayya, a gaishe ta. Ta matso za ta zuba ruwa a robar mijinta, ya ɗaga mata hannu kamar yadda ake yi wa mai talla, ba ya bukata. Ta wuce ta zuba a tawa. Maigidana ya kama ƙafata ya sa a ruwan, ruwan da ta hura wuta ta dafa, sai na ji kamar an tsoma ni a kwata. Na fizge ƙafata, ruwa ya fantsalu a wandonsa. Na miƙe ba takalmi, na kama wuyan hannunta, na ja ta zuwa kujerar nan. Na ce ta zauna, wurinta ne.

Mai hoto ya sauke kyamara. Mijin yana durƙushe, idonsa a kan robar da ba ruwa, gumi na bin wuyansa. Ta dube shi. Na ga tana jira, kuma ta ba shi lokaci, fiye da yadda ni zan iya bayarwa. Bai ɗago ba.

Sai ta zare hannunta daga nawa a hankali, ta ɗan rusuna wa Rabaran.

"Yi haƙuri, Baba, Madam ta yi kuskure. Ni mai aiki ne."

Wasu suka yi 'yar dariya, wata a bayana ta ce zafin Lafiya ne ya taɓa ni. Rabaran ya tayar da waƙa, kowa ya amsa, har da mijin, da muryarsa mai daɗi. Ita kuma ta ɗauki butarta ta ci gaba da bin layi, don akwai sauran robobi shida da ba a zuba wa ruwa ba.