Ɓarawon Ɗumame

A shekarar da man fetur ya yi tsadar da na jingine babur ɗina a zaure na koma tafiyar ƙasa, a shekarar ne gwiwoyina suka fara yi mini tawaye. Na je asibiti nan Dutsin-Ma, likita ya ɗora ni a kan sikeli, ya duba, ya ɗago ya dube ni. Ya ce jinina ya hau, kuma kayan da nake ɗora wa gwiwoyin nan ko jaki aka labta wa sai ya durƙusa. Ya ce in rage tuwo, in bar maiƙo, in riƙa rubuta duk abin da na sa a baki.

Da a ce bara waccan ya faɗi haka, da sai in nemi mai rubuta mini. Amma lokacin wata huɗu ke nan da shigata ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan La'asar, ina da shekara arba'in da tara. Na sayi littafi mai jan bango. Malaminmu ya ce wannan ma darasi ne, in riƙa kawo masa yana dubawa. Da safe koko ludayi huɗu, ba sukari. Da rana ɗan wake kaɗan. Da dare tuwo malmala ɗaya, ni da na saba da uku har in nemi ƙanzo. In zan wuce mai tsire sai in tsallaka titi in ɗauke kai, kamar wanda suka yi faɗa.

Hatsi nake sayarwa, saboda haka duk ranar kasuwar Kurfi ina can. Akwai wani abokina mai sayen waken suya, yana da sikelin awon buhu, shi nake hawa in mutane sun ragu. Hawan farko kilo ɗari da huɗu. Bayan wata guda, ɗari da huɗu. Bayan wata biyu ina fama da yunwa, ɗari da biyar. Abokina ya zagaya ni yana dubawa, ya ce saura a ɗinke bakina a loda ni a mota, don na fi buhu cika. Na nuna masa littafina. Ya ce shi sikelinsa bai shiga aji ba.

A gida kuma wata shari'a ce ta taso. Maiɗakina takan bar tuwo a tukunya, miya a kwano, ta rufe a kicin don ɗumamen yara da safe. Sai ɗumame ya fara raguwa. Yau malmala ɗaya ta tafi, gobe biyu, jibi har miyar an taɓa. Ni ne maigida, ni na zauna alƙali. Na yanke wa kyanwarmu hukunci, na sa ta a buhu na kai ta Kurfi, na ba abokina don ɓeraye sun dame shi a sito. Maiɗakina ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kyanwar da ke mayar da murfin tukunya ba. Na ce kyanwowin yanzu sun waye.

Sata ba ta tsaya ba. Na sayo kwaɗo na sa wa ƙofar kicin, muka ɓoye makulli a ƙarƙashin turmi. Mu uku muka san wurin: ni, maiɗakina, da Goggo.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Daga Barkiya na ɗauko ta saboda yanar ido, an ba ta ranar aiki, tana jira a gidana. Ganinta ya yi rauni ƙwarai, sai dai ta san tsakar gida da lalube. Da aka ci gaba da samun kwaɗo a kulle, tuwo kuma a taɓe, sai na yi lissafina irin na mai hankali. Maiɗakina ba za ta saci abin da ta dafa ba. Ni kuwa ga littafina, shaida ne a kaina. Na ja ta gefe na rage murya, na ce tsofaffi yunwar dare na damun su, kada a kunyata Goggo, a ƙara mata tuwo kawai a yi shiru. Har na ji daɗin kaina da wannan dattako.

Idon Goggo ne ya mutu, kunnenta na nan garau. Daren nan da aka ajiye mata malmala uku, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da murfi, ba ta ci ko loma ba. Da safe na tarar ta ɗaure kayanta a zane, tana zaune a kai. Ta ce in nemo mata mai babur zuwa Barkiya. Na ce Goggo, saura kwana tara aikin ido.

"Ido ya zauna yadda Allah ya aje shi," in ji ta. "Makauniya an san ni da ita. Ɓarauniyar tuwo kau, ba a gidan ɗan yayana za a raɗa mani wanga suna ba."

Na durƙusa a kan gwiwoyin da likita ya ce in tausaya wa. Na san in ta tafi ba za ta dawo ba, ranar aiki kuma in ta wuce sai Allah. Na ba ta haƙuri, maiɗakina ta ba ta, har rana ta take. Daga ƙarshe ta ce za ta ƙara kwana ɗaya tak. Da yamma ta sa aka kwaɓa mata lalle, wai ƙafarta na faso. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Da Asuba na tashi, na ji wani abu na ɓarɓashi a kan matashin kai. Na fita na ɗauki buta. Da na haska fitila a hannuna zan fara alwala, sai ga yatsuna na dama jajawur har da farata, na hagu kuma babban yatsa da manuni. Na wanke, na goga da ƙasa, na goga da sabulu. Lalle ya kwana, ya kama ram. Na je masallaci hannuwana cikin riga, aka idar na sulale ban gaisa da kowa ba.

Na dawo na tarar da Goggo a kan tabarma tana jan carbi. Ta kira maiɗakina ta ce tunda ita ba ido, a duba mata hannun kowa a gidan nan. Maiɗakina ta nuna nata, fes. Ta juyo gare ni. Na fito da su a hankali. Ta dube su, ta dubi fuskata, ta tura bakin mayafi a baki ta shige ɗaki, ina jin gado na girgiza.

Ashe lallen ba ƙafa ya je ba. A mariƙin murfin tukunya Goggo ta shafa shi, da ƙotar ludayin miya, da makulli.

Goggo ta ce tun zuwanta take ji na. Ba ta barci sosai, kuma gwiwata na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Tana jin na ɗaga turmi, na buɗe kwaɗo, na zauna na ci, har da siɗe hannu, na kulle na koma. Ta ɗauka da sanina nake yi, ta ce namiji ne yunwa ta ci ƙarfinsa, bari ta rufa masa asiri. Ko da aka kai kyanwa Kurfi ta yi shiru, don kyanwa ba ta da dangi. Sai da na rataya mata satar.

Na rantse mata ban san komai ba. Ban tuna tashi ba, ban tuna ci ba, ko ɗanɗanon miyar ban samu ladansa ba, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce ta yarda. Wai tun ina ƙarami a Barkiya haka nake yi wa furar mahaifina, ido buɗe ina barci, har mahaifiyata ta riƙa ɗaure mini ƙafa a jikin gado kamar ɗan akuya. Shekara arba'in ba wanda ya gaya mini.

Ranar na so in ƙi zuwa aji, amma ban taɓa fashi ba. Ina zama Malam ya miƙo mini alli ya ce in fito allo. Na ɗaga hannu zan rubuta, aji ya zuba wa yatsuna ido. Wani tela da ke zama kusa da ni ya tambaya cikin ladabi ko yaushe ne ɗaurin aure, kuma ni ne angon ko amaryar. Na jira suka gama dariya, na ba su labari tun daga kyanwa. Malam ya share hawaye, ya karɓi littafina ya ja layi a tsakiyar shafi. Ya ce sama na rana, ƙasa na dare, maiɗakina ta riƙa faɗa mini da safe ina rubutawa.

Na koma wa likita da jajayen yatsuna. Bai yi mamaki sosai ba. Ya ce akwai masu haka, kuma horon yunwar da nake yi wa kaina da rana yana ƙara tayar da abin, in ci abin da zai riƙe ni da yamma. Makulli ya koma ƙullin bakin zanen Goggo. Maiɗakina ta ɗaura igiya a ƙofar ɗakina da gwangwanaye biyu. Sau uku suka yi ƙara a makon farko, ta kamo hannuna ta mayar da ni, da safe ta ba ni labari har da ƙari.

Goggo ta kwance kayanta. Aka yi aiki ranar da aka sa. Da aka cire mata bandeji, ba ta nemi ganin likita ko taga ba, sai ta ce in kawo hannuna. Fatar ta fara washewa, amma faratan na nan da jansu. Ta juya su gaba da baya, ta ce ashe ta iya ƙunshi ko ba ido.

Zuwa kaka, ga abin da aka rasa: ɗumamen wajen wata biyu da rabi, rigar matashi ɗaya, kyanwa ɗaya, wadda na je biko Kurfi ta dube ni ta shige sito, da kilo uku.