Malama Mai Kwali da Rubutun Bayan Kati

Kafin maigadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, Malama Mai Kwali ta iso, jaka a kafaɗa, kwalaye biyu ko uku a hammata. Masu shagunan layinsu sun san halinta, har ajiye mata suke yi: kwalin sabulu, na madara, na takalmi. Tana shiga ɗakin malamai sai ta kakkaɓe teburinta na jikin taga, ta fito da almakashi, ta hau yanka. Shekara talatin da biyu ke nan tana koyar da Turanci a firamare, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Gara a faɗi alherinta tun tana ji da kunnenta.

Kwalayen nan katuna take mayar da su. A gaba hoto ne da sunansa da Turanci. Zanen kam, a faɗi gaskiya, sai a hankali. Akuyarta ta fi shekara ashirin yara suna ce mata kare. Amma abin yana baya. Duk malamin da ya zo aro, na makarantar ne ko na maƙwabta, ba ta hana shi. Sharaɗinta ɗaya ne: kafin ya dawo da su, ya rubuta da fensir a bayan katin abin da ya faru a ajinsa. Sai ka juya kati ka tarar da hannu biyar ko shida, wani ya dushe, wani sabo. "Kada a ɗaga hoton abinci daf da fita hutu, ajin zai watse." "Masu kunya a sa su faɗa bibbiyu kafin ɗaiɗai." Akwatin katunan yana ƙarƙashin teburinta, ko kwado babu.

Malama, ke ce ba ki taɓa cewa "nawa ne" ba. Malamai nawa suka shiga aji da katunanki aka yaba musu, ke kina gefe kina yankan wani kwalin?

Shekara uku da suka wuce aka kawo wata sabuwar malama, ƙaramar yarinya, ɗakin malamai ya raɗa mata Auta. Aikin gwaji aka ɗauke ta. Sufeto zai zo ya zauna a ajinta. In ya gamsu a tabbatar da ita, in bai gamsu ba ta koma gida, inda mahaifiyarta da ƙanne uku suka zuba mata ido. Ranar Alhamis zai zo. Ran Talata ta roƙi aron katuna, Malama tana saurin shiga aji ta ce, "Ɗebi son ranki, 'yar nan." Ba ta samu ta faɗa mata sharaɗin ba.

Auta ta baje katuna arba'in a gida da yamma, ta juya bayansu, ranta ya ɓaci. Wannan ƙazantar za ta ɗaga a gaban sufeto? Ko tsayawa karantawa ba ta yi ba, ta ɗauka ɓarnar yara ce. Ta sa abin goge fensir ta bi su ɗaya bayan ɗaya har yatsunta suka yi tsami.

Ran Laraba ta shigo da murnarta. "Malama, ga su na gyara miki. Duk jagwalgwalon da yara suka yi a baya na goge tas."

Malama ta karɓa tana juya su, ta daɗe tana kallon bayan wani guda. Malamin lissafi, tsohon abokin aikinta, shi ya kasa haƙuri.

"Auta, kin san abin da kika goge kuwa? Aikin malamai ne na shekara da shekaru!"

Da ya gama yi mata bayani, Auta ta gane ɓarnar da ta yi. Ta durƙusa tana ba da haƙuri, hawaye shaɓe-shaɓe, tana jiran faɗan da ta san ta cancanta.

Malama ta ajiye katin ta ce, "Tashi. Gobe kina da baƙo, ba mu da lokacin kuka. Jawo kujera, ki kawo fensir."

Da aka tashi daga makaranta ba su tafi ba. Malama tana tunowa, Auta tana rubutawa. Sauran malamai kowa ya zo ya mayar da abin da ya tuna nasa, har aka buga wa malamai biyu na wata makarantar waya. Kafin rana ta yi sanyi fiye da rabi ya dawo, sauran kuwa sun tafi ke nan.

Ran Alhamis sufeto ya zauna a bayan aji, fuska ba annuri. Yaran da kullum sai an yi da gaske suke rufe baki, ranar kamar an ɗinke su. Auta ta ɗaga kati ta yi tambaya, shiru. Ta sake, shiru. Sai idonta ya faɗa kan abin da ta rubuta jiya a bayan katin: "In baƙo ya sa yara sun yi tsit, a miƙa wa baƙon kati, yaran su koya masa."

Ta taka har inda yake, ta rufe sunan da ke jikin katin da yatsa. "Ranka ya daɗe, a taimaka mana, mene ne wannan da Turanci?"

Akuyar nan ce. Bawan Allah ya duba da kyau, tsakaninsa da Allah ya ce kare ne. Ajin ya fashe da dariya, hannaye suka tashi sama, kowa na son ya gyara wa babban mutum. Daga nan Turanci ya yi ta zuba har aka kaɗa ƙararrawa. Bayan mako biyu takardar tabbatar da Auta ta iso.

Sai makon jiya, ana shirin walimar sallama, malamin lissafi ya gaya wa Auta abin da ba ta sani ba. Wancan rubutun na baƙo, da yawancin tsofaffin da ta goge, hannun yayar Malama ne. Ita ma yayar malama ce, tare suka fara katunan, kuma ta rasu shekara goma ke nan. Malama ba ta da wani rubutun yayar tata a duniya.

Auta ta je ta sami Malama a bakin taga. "Malama, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In na faɗa miki ran Laraba, da wace zuciya za ki shiga aji ran Alhamis?"

Ku malaman da kuke kulle shirin darasinku a durowa don kada wani ya fi ku, ku dubi matar nan ku ji kunya, ku fito da shi. Ku ba sabon malami, ku kuma yi haƙuri da shi in ya ɓata.

Ke kuwa uwar malamai, mun gode. Allah ya ji ƙan yayarki, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Yanzu mun san abin da kika haɗiye a ranar nan don yarinyar mutane ta samu aiki.