Motar da Ba a Turawa

Gangara ake kiransa, har jikokinsa ba su san yana da wani suna ba. Tun yana tuƙin tasi ya samo sunan, domin bai taɓa ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri ba. Gidansa na can ƙarshen layi a kan tudu, kullum hancin motar na kallon ƙasa, da dutse a gaban taya. Batirinta kuwa sai a hankali. Da safe sai ya zame dutsen, ya faɗa ciki, ya murɗa makulli, ya taka kuloci, ya sa giya ta biyu. In ta ɗauki gudu ya saki ƙafa, ta yi tari, ta kama. Ranar da ta yi gardama, maƙwabtansa tela da mai shago su fito su sa mata kafaɗa suna yi masa tsiya. Da wannan akwalar ya ciyar da gida, ya yi wa yara makaranta, kuma ita ta kai matarsa asibiti a duk haihuwar da ta yi.

Tsufa ya zo masa ta gwiwar hagu, wadda ta ƙare a taka kuloci cikin cunkoso. Babban ɗansa, ma'aikacin banki a wani gari, ya ga yadda uban ke cije baki in zai fito daga mota, abin ya tsaya masa a rai. Bai yi shawara da kowa ba, ya aiko da sabuwar mota fara sol, ya sa aka ja tsohuwar zuwa wurin masu sayen ƙarafa.

"Baba, wannan ita ke canja wa kanta giya," in ji shi a waya. "Kuloci biyu gare ta a ciki, ɗaya na aiki ɗaya na jira. Ƙafarka ta huta."

"Kuloci biyu, amma ko ɗaya ba a ba ni na taka ba?" in ji Gangara. "To, Allah ya yi albarka."

Albarkar a baki ta tsaya. Ya tuƙa ta 'yan kwanaki, ya ce shi bai iya zama a mota kamar kaya ba, ana kai shi ana kawo shi. Gaskiyar magana, zuciyarsa ce ta ɓaci da aka raba shi da tsohuwar ba sallama, kuma girman kai ya hana shi faɗa wa ɗan. Sai ya lulluɓe sabuwar da tampol, ya koma tafiya a ƙasa yana ɗingishi. Matarsa, mace mai hawan jini da yawan raha, takan ce, "Maigida, ka tayar da abin nan ko sau ɗaya mana, kar yaron nan ya ji ba daɗi." Yakan ce gobe. Haka makonni suka shuɗe.

Wata safiya tana shanya a tsakar gida, sai ya ji faɗuwar bokiti. Ya same ta kwance, baki ya karkace, tana son magana ba hali. Tela da mai shago suka taya shi ɗaukar ta, suka yaye tampol. Ƙofa ma sai da ya zura makulli da hannu ta buɗe. Aka kwantar da ita a kujerar baya, matar tela ta tallafe mata kai. Ya danna maɓallin tayarwa. Shiru. Ko fitila ɗaya ba ta kawo ba, batir ya mutu murus saboda zama.

Nan bai tsorata ba, ai wannan sana'arsa ce. "Ku tura," ya ce. "Ga gangara nan."

Suka sa kafaɗa. Maza suka ƙaru, har da birkilan da ke gini a maƙwabta. Motar ba ta ko motsa ba. Ya kama sandar giya zai fitar da ita daga inda take a kulle, ta ƙi, don ita ma sai da wuta take sakin kanta. Ya ja, ya girgiza, ya doka da tafin hannu. Ƙafarsa ta hagu sai dukan daɓen motar take yi, tana neman abin da babu. Ya kira ɗansa a waya.

"Baba, ba a tura irin wannan. Ko ta gangara ba za ta kama ba. Me ya faru? Ina Mama?"

Ya miƙa wa tela wayar.

Layinsu ba layin da motoci ke bi ba ne. Mai shago ya ruga ƙasa neman abin hawa, ya daɗe kafin ya dawo da wata motar ɗaukar bulo. A bayanta aka shimfiɗa tabarma aka kwantar da ita, Gangara na zaune cikin ƙurar siminti yana kare mata rana da rigarsa. A asibiti likita ya duba ta, ya tambayi tun yaushe ta faɗi. Aka gaya masa. Kafin la'asar, rai ya yi halinsa.

Ba wanda ya ce masa laifinsa ne. Likita ma ya ce wataƙila ko da wuri aka zo, sai abin da Allah ya yi. Amma Gangara direba ne, ya san tsawon hanyar, ya san lokacin da da sun isa. Baƙin cikin ya danne shi har kuka ya gagara.

Can tela ya kira wani mai gyaran wutar mota. Mutumin ya zo da batir a bayan babur, ya jona waya biyu, ya danna, motar ta kama nan take. Tela ya lallaɓa da ita har ƙofar asibiti, ya fito ya miƙa wa Gangara makulli, don shi bai yarda da hannunsa ba.

Aka sa gawar matar a kujerar baya a lulluɓe. Gangara ya shiga ya ja. Motar na canja giya a hankali, ba fizga, ba tari, ta haye tudun gidansu ba tare da ya taɓa komai ba.

"Wallahi mota ce mai kyau," in ji shi, ba da kowa yake ba. A nan kukan ya zo masa.