Takardar Sallamar Ogiri

Cikin shekara goma sha ɗaya da na yi ina sakataren ƙungiyar ƙwallon ƙafa a nan Lafia, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata da na ajiye fayil biyu a kan teburina, ɗaya na ɗan wasan da muke neman ɗauka, ɗaya na wanda muke da shi. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kuna yawan tambayata me ya sa kuɗin 'yan wasa yake ta hawa kamar farashin taki. To ga abin da na gani da idona.

Bari in fara da bayani saboda waɗanda ba 'yan harkar ba. Sakatare shi ne mai takardu. Shi ke rubuta kwantiragi, shi ke yi wa 'yan wasa rajista a wurin hukumar lig, shi ke ba da takardar sallama idan ɗan wasa zai koma wata ƙungiya. Ciyaman ne a samansa, koci kuma nasa fili ne. Idan kwantiragin ɗan wasa bai ƙare ba, duk ƙungiyar da ke son sa sai ta biya ƙungiyarsa. Idan kuwa ya ƙare, ya zama mai 'yancin kansa, babu wanda za a biya sai shi da dillalinsa. A nan ne ake maganar kuɗin sa hannu, wato dunƙulen da ake ba shi ranar da ya amince, ban da albashin wata. Lokacin da na fara aiki, wanda ya samu na sayen mashin sabo ya yi sa'a. Kafin in bari, maganar fili da gini ake yi.

Ƙungiyarmu ta mutum ɗaya ce, Alhaji Shu'aibu, ɗan kasuwar riɗi da doya, kuma ofishinmu a saman sitonsa yake. A rukuni na biyu muke wasa. Kakar da ta gabata maki biyu kacal suka hana mu hawa babban lig. Bayanmu da ƙarfi, amma a gaba ba mu da mai zura ƙwallo. Abin ya tsaya wa Alhaji a rai ƙwarai, har ya ce ko nawa ne sai ya kawo ɗan gaba mai suna.

Ba a yi sati biyu ba wani dillali, Mista Felix, ya iso da sunan Terna. Terna ɗan Tibi ne daga Binuwai, ya daɗe yana cin ƙwallaye a wata ƙungiya ta kudu, kwantiraginsa kuma ya ƙare. Kocinmu, Bulus, ya ja ni gefe a filin atisaye da ke hanyar Shabu, ya ce, "Sakatare, ɗan wasa ne na gaske, ba ƙarya. Amma ya haura talatin, kuma ka duba yadda yake sauke ƙafar hagu in ya yi tsalle."

Mista Felix ya iya sana'arsa. Waya biyu yake jerawa a kan tebur, kuma duk zaman da za mu yi sai ɗaya ta yi ƙara. Ya fita baranda ya amsa, ya dawo yana girgiza kai, wai wata ƙungiya ta ƙara kuɗi. Cikin kwana tara farashi ya tashi sau uku, kwantiragin shekara ɗaya ya koma na biyu. Albashin Terna shi kaɗai ya zarce na 'yan bayanmu huɗu a haɗe.

Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, ba mu ma tabbatar akwai wata ƙungiya a kan wayar nan ba."

Ya ce, "Sakatare, kai takarda ka sani, ni kasuwa na sani. In na tsaya bincike wani ya ɗauke shi, me zan gaya wa mutanen gari?"

Fayil na biyu na Ogiri ne, kyaftin ɗinmu, ɗan baya na tsakiya, ɗan ƙabilar Alago daga Doma. Kaka shida ya yi tare da mu. Ba ya fashin atisaye, ba ya ɗaga murya, ranar hutu kuma mashin yake hawa ya tafi gonarsa. Shi ma kwantiraginsa ya ƙare a watan. Abin da ya nema shi ne a ƙara masa rabin albashinsa. Da na kai wa Alhaji maganar, sai ya yi dariya.

"Ina za shi? Gonarsa na Doma, iyalinsa na Doma. A ƙara masa ɗan abin zuba mai."

Ranar Talatar, Ogiri ya riga kowa zuwa. Ya zauna ya karanta takardar sabon kwantiraginsa layi bayan layi, yana bi da yatsa. Ya ɗauki biro. Sai muka ji hayaniya a ƙasa: motar Mista Felix ce ta tsaya, leburorin sito sun bar buhuna sun kewaye Terna suna ɗaukar hoto. Ogiri ya leƙa ta taga, ya dawo ya zauna.

"Sakatare, tsakaninka da Allah, nawa aka ba shi?"

"Ka san ba ni da ikon faɗa."

"Ya ninka albashina sau uku?"

Na kai idona kan fayil ɗin da ke gabana.

"Sau biyar?"

Da na ce masa a'a, da ya sa hannu, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Na kasa. Na sunkuyar da kai ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ya mayar da murfin biro, ya ajiye shi a hankali a kan fayil.

"Ba na baƙin ciki da rabonsa," ya ce. "Amma shekara shida, Sakatare. Akwai wata ƙungiya a arewa da ta kira ni sau biyu, ban amsa ba don ina ganin nan gida ne. Ka ba ni takardar sallamata."

Na ce sai na sanar da Alhaji. Ya ce to, ya sauka ta bayan sito don kada ya haɗu da taron.

Ƙa'ida ce kafin a sa hannu a kai sabon ɗan wasa asibiti a duba shi, kuma ni ke rakiya. Na ɗauki Terna a motar ƙungiya, ban ce masa uffan ba tun daga sito har asibiti. A raina shi ne ya raba mu da kyaftin. Muna zaune a benci muna jiran sakamakon hoton gwiwa, sai ya juyo da irin Hausarsa ta kasuwa.

"Oga Sakatare, na san ba ka so na."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne. Kana gani kuɗin ya yi yawa. Ni ma na san ya yi yawa."

Na kalle shi, don ban zaci jin haka daga bakinsa ba.

Ya ce, "Shekara takwas na yi a wancan kulob. Lokacin da ƙafa na yana da kyau, ina cin gol kusan kowane sati, abin da suna ba ni ba ya kai in gyara rufin ɗakin mama na. Na samu inda za su biya ni, na ce zan tafi. Suka riƙe takarda na har aka rufe rajista. Sau biyu suka yi mini haka. Yanzu da ƙafa ya fara gaji, yanzu ne na samu kai na, yanzu ne kowa yana kawo kuɗi." Ya shafa gwiwar. "Alhaji yana gani gobe yake saya. Ni na san jiya na ne ake biya, wanda wasu sun ci. In ban karɓa yanzu ba, yaushe? Bayan shekara biyu ba wanda zai kira waya na."

Likita ya kira mu, ya ce gwiwar za ta iya ɗaukar kaka ɗaya in an lallaba ta, ta biyu kuwa ba zai yi alkawari ba.

Bayan azahar na kai wa Alhaji rahoton likita. Ya karanta, ya ce kaka ɗaya ta ishe mu hawa, ya sa hannu a kwantiragin Terna. Sannan na gaya masa abin da ya faru da Ogiri. Fuskarsa ta canza.

"Kada ka ba shi. Saura kwana nawa a rufe rajista?"

"Goma sha biyu, ranka ya daɗe."

"To ka ce masa na yi tafiya. In aka rufe, da ƙafarsa zai dawo ya sa hannu a kan abin da muka ce."

A nan ma sai na yi muku bayani. Ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare, takardar sallama haƙƙinsa ce, kuma sa hannun sakatare da hatimin ƙungiya sun wadatar. In aka hana shi, yana iya kai ƙara wurin hukuma, amma kafin a saurare shi an rufe rajista, ƙungiyar da ke jiransa ta ɗauki wani. Duk mun san dabarar. Ba zan ɓoye muku ba, ni kaina na taɓa jan ƙafa a kan takardar wani a baya, ban ji komai ba, don ban taɓa zama a benci ɗaya da wanda aka yi wa hakan ba.

Na koma teburina na zauna. Ina da yara biyar, aikin nan ne abincina, kuma Alhaji bai taɓa cutata ba. Na yi sallar la'asar na dawo, zuciyata ba ta sauya ba. Na buga takardar, na sa hannu, na danna hatimi, na hau mashina na kama hanyar Doma.

A ƙofar gida na same shi yana gyara buhunan gyaɗa. Ya karɓi ambulan ya buɗe, ya karanta, ya daɗe yana kallona.

"Alhaji ya sani?"

"Gobe zai sani."

"Zai kore ka, Sakatare."

"Wataƙila. Kai dai ka kama hanya da sassafe, kada ka tsaya sallama da kowa."

Ya shiga ciki ya kawo mini ruwa. Bai yi doguwar godiya ba, ni ma ban nema ba.

Washegari da kaina na je na gaya wa Alhaji, kafin ya ji a bakin wani. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ni ka ci wa amana saboda ɗan ƙwallo? Ajiye makulli da hatimi." Na ajiye, na sauko daga benen.

Wata huɗu na yi a gida. Na koma taya wana aikin gona a Adogi, ranar wasa kuma in saurara a rediyo. Akwai ranakun da na zauna ina tambayar kaina ko wauta na yi, musamman lokacin da kuɗin makaranta ya zo. Ogiri dai ya samu rajista, a kan albashin da ya ninka namu sau uku. Na ji masu sharhi suna cewa an yi masa tsada, ɗan baya ne da ya fara girma. Na yi murmushi ni kaɗai.

Terna bai ci amanar kuɗinsa ba. A zagayen farko ya zura ƙwallaye masu kyau, filin wasa ya riƙa cika saboda shi. Sai dai duk wadda ya ci, sai a rama mana, don tsakiyar bayanmu ya zama hanya. A farkon zagaye na biyu gwiwar ta tafi. Ya yi ƙoƙari ya dawo, har da allura yake shiga fili, amma ba shi ba ne kuma. Muka ƙare a tsakiyar teburi, nesa da inda muka tsaya a bara.

Kafin ƙarshen kakar Alhaji ya aiko a kira ni. Wanda aka ɗora a kujerata ya rikita rajistar tsakiyar kaka, har an kusa cire mana maki. Na same shi a ofis shi kaɗai. Ya turo mini makulli da hatimi a kan tebur, bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Na juya zan fita sai ya kira ni.

"Sakatare, kai da ka san takarda. Cikin su biyun, wa ya fi mana tsada? Wanda muka saya, ko wanda muka bari ya tafi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya tafi."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Shekara talatin ina sayen riɗi, ban taɓa wulaƙanta manomin da ke kawo mini kaya kowace kaka don na ga baƙo ba. Ban san abin da ya hana ni ganin haka a ƙwallo ba."

Tun daga nan muka sauya tsari. Duk ɗan wasan da ya yi mana kaka biyu masu kyau, mukan kira shi mu ƙara masa tun kwantiraginsa bai ƙare ba, kafin dillalai su ji ƙamshinsa. Hakan bai hana farashi hawa ba, kuma bai hana mu sake yin sayen tsada ba, don muddin masu ƙungiyoyi na tsoron kada wani ya riga su, dillali zai ci gaba da fita baranda da waya a kunne.

Abin da na koya shi ne in daina jin haushin ɗan wasa idan na ga babban adadi a takardarsa. Sana'ar gajera ce, gwiwa ɗaya ke riƙe da ita, kuma yawancinsu sun ba da shekarunsu mafi kyau a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Idan aka ce muku an yi wa wani tsada, ku fara tambayar nawa aka biya shi lokacin da yake kan ganiyarsa. Ku kuma da za ku riƙe hatimi bayana, wata rana za a ce ku ajiye takardar wani a aljihun tebur na kwana goma sha biyu. A wurinku kwana goma sha biyu ne. A wurinsa shekara guda ce, cikin 'yan kaɗan da Allah ya ba ƙafarsa.